BABI NA TARA: UMARNIN SAUYA SAITIN MA'ADANAN KWAMFUTA

9.0 Gabatarwa

Aikin malamin Hausa a yau ya wuce allo da alli. Sakamakon jarrabawa da tsarin darasi da waƙoƙin baka da tatsuniyoyin da ake naɗowa daga bakin dattawa, duk a cikin ma'adanan kwamfuta ake adana su. Tun da hukumar JAMB ta soma jarrabawa ta kwamfuta a shekarar 2013, ta kuma mayar da ita tilas a 2015, makarantu da dama suka himmatu wajen samar da ɗakin kwamfuta. Sai dai a yankuna irin su Rijiyar Zaki da garuruwan ƙananan hukumomin Ungogo da Dawakin Tofa da Minjibir da Bichi, ba kowace makaranta ce ke da ƙwararren mai gyara ba. Sau da yawa malamin da ya ɗan san na'urar shi ake danƙa wa makullin ɗakin. Wannan babi zai yi bayanin umarnin da ake rubuta wa kwamfuta domin sauya saitin ma'adana, da amfanin kowanne, da kuma haɗarin da ke tattare da shi.

9.1 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

(a) bayyana ma'anar ma'adana da ire-irenta;
(b) nazarin ƙirar umarnin kwamfuta ta fuskar nahawu;
(c) rarrabe wurare uku da saiti ke zama;
(d) bambanta umarnin da ke duba ma'adana da wanda ke sauya ta da wanda ke shafe ta.

9.2 Ma'anar Ma'adana da Ire-irenta

Ma'adana ita ce duk wani sashe na kwamfuta, ko abin da ake jona mata, wanda ke riƙe bayanai ko da an kashe wuta. Ta kasu gida biyu.

Kashi na farko shi ne faifai mai juyawa. Wannan faifai ne mai maganaɗisu da ke juyawa a cikin akwatin ƙarfe, yawanci sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, wani ɗan hannu kuma yana shawagi a kansa yana karatu da rubutu. Kamfanin IBM na Amurka ne ya fara fitar da shi a 1956. Na farkon yana da faya-fayai 50, kuma abin da yake ɗauka bai wuce haruffa miliyan 5 ba.

Kashi na biyu shi ne ma'adana marar motsi, wadda ke adana bayanai a cikin ƙwayoyin lantarki. Fujio Masuoka na kamfanin Toshiba a Japan shi ya ƙirƙiro fasahar a shekarun 1980. Daga cikinta aka sami filash, wanda ya shiga kasuwa a 2000, da katin memori na waya da na rediyo, da kuma faifan SSD da ke cikin sababbin kwamfutoci.

Ana auna girman ma'adana da bayit. Masu ƙera ta suna ƙirga gigabayit ɗaya a matsayin bayit 1,000,000,000, ita kuwa manhajar Windows tana ƙirga shi a matsayin 1,073,741,824. Wannan ne ya sa faifan da aka rubuta wa gigabayit 500 yake nuna kimanin 465. Ba tauye mudu aka yi ba, ma'aunin ne ya bambanta.

9.3 Ƙirar Umarni

Ɗalibin Hausa ya riga ya san jumlar umarni a darasin ginin jumla. A jumla irin "Share ɗakin nan sosai", aikatau ne ke zuwa da farko, sai karɓau, sai bayanau, kuma ba a ambaci aikau ba domin an san wanda ake umarta. Umarnin kwamfuta ma haka yake. A dubi wannan misali:

chkdsk F: /f

Kalmar chkdsk ita ce aikatau, ma'anarta "binciki ma'adana". Harafin F: shi ne karɓau, wato ma'adanar da aikin zai faɗa wa. Alamar /f kuwa tana matsayin bayanau, domin ta fayyace yadda za a yi aikin: a bincika, a kuma gyara kuskuren da aka gani.

Bambancin da ke akwai shi ne, ɗan Adam yakan fahimci nufin mai magana ko da ya yi tuntuɓen harshe, kwamfuta kuwa abin da aka rubuta kawai take aikatawa. Idan aka sa E: a maimakon F:, wata ma'adana dabam za ta taɓa. A manhajar Linux ma har babban baƙi da ƙarami ma'anarsu ta bambanta, kamar yadda ƙugiya ke raba "kafa" da "ƙafa". Hausawa na cewa magana zarar bunu ce. Umarni ma da zarar an danna maɓallin shigarwa ya fita ke nan.

A Windows ana rubuta umarni ne a baƙin allon da ake buɗewa da kalmar cmd, a Linux kuma a tashar umarni. Mafi yawan umarnin da ke sauya ma'adana suna buƙatar izinin mai kula da na'ura. A Linux ana samun wannan izini ta hanyar gabatar da kalmar sudo kafin umarnin.

9.4 Wuraren da Saiti ke Zama

Kafin a sauya kowane saiti, wajibi ne a san inda yake zaune, domin wannan ne ke nuna ko zai dore, da kuma ko zai bi ma'adanar zuwa wata kwamfuta. Wuraren uku ne:

(a) A cikin manhajar kwamfuta. Misali shi ne harafin da ake kiran ma'adana da shi. Filash ɗin da yake F: a ofishin shugaban makaranta yana iya zama E: a ɗakin malamai.

(b) A jikin ma'adanar. Wannan ya haɗa da jadawalin rabo da tsarin fayil da laƙabi. Duk inda aka kai ma'adanar suna tare da ita.

(c) A cikin ƙaramar ƙwaƙwalwar faifai. Kowane faifai yana da 'yar manhajarsa da ke tafiyar da shi. Saitin da ke nan, kamar lokacin hutawa, yawanci yakan koma yadda yake da zarar an kashe wuta.

9.5 Rabo da Tsarin Fayil

A karkarar Kano, inda gonaki ke manne da juna, akan shata iyaka da gamba ko aguwa domin kowa ya san nasa. Faifai ma ana raba shi kashi-kashi, a rubuta iyakokin a jadawalin rabo da ke farkonsa. Jadawalin iri biyu ne. Na farko shi ne MBR, wanda ya fito a 1983. Manyan kaso 4 kawai yake ɗauka, kuma ba ya iya sarrafa abin da ya wuce terabayit 2. Na biyu shi ne GPT, wanda Windows ke ba shi damar kaso 128, kuma shi ake amfani da shi a faifan da ke ɗauke da Windows 11 ta 2021.

Bayan rabo sai tsarin fayil, wato hanyar jera bayanai da rubuta inda kowanne yake. Fitattu su ne:

FAT32 (1996): kusan kowace na'ura na karanta shi, har da rediyo mai ɗaukar memori, amma fayil ɗaya ba ya wuce gigabayit 4.

NTFS (1993): shi ne na faifan cikin Windows. Yana rubuta abin da zai yi kafin ya aikata, don haka ya fi jure ɗaukewar wuta.

exFAT (2006): an yi shi domin filash da memori masu girma, kuma ba shi da iyakar gigabayit 4.

ext4 (2008): shi ne ya fi yaɗuwa a Linux.

Zaɓin ya danganta ne da aikin da za a yi. Malamin da zai saurarar da ɗalibai waƙar baka ta ƙaramar rediyo, FAT32 ya dace da shi. Wanda zai adana dogon bidiyon wasan kwaikwayo kuwa, exFAT ko NTFS zai nema. Duka ukun suna karɓar baƙaƙe masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, a sunan fayil, sai dai wasu ƙananan na'urori ba sa iya nuna su.

9.6 Umarnin Windows

9.6.1 Masu sauƙin haɗari

label F: ADABI yana raɗa wa ma'adana laƙabi. FAT32 na ɗaukar haruffa 11, NTFS kuma 32. Raɗa laƙabi na rage kuskure, domin an fi gane suna a kan harafi.

chkdsk F: /f yana gyara kurakuran tsarin fayil, irin waɗanda ke aukuwa idan an zare filash yana cikin aiki. Idan aka sa /r a maimakon /f, zai kuma nemo gurɓatattun wurare ya ceto abin da ke karantuwa, amma yakan ɗauki lokaci mai tsawo.

attrib -h -r -s /s /d F:\*.* yana bayyana fayilolin da aka ɓoye. Akwai ƙwayar cutar kwamfuta da ta yaɗu a shagunan buga takardu da wuraren masu tura fina-finai da waƙoƙi, wadda ke ɓoye foldodi ta bar gajerun hanyoyi na bogi. Mutane da yawa sukan ɗauka komai ya salwanta su yi fomatin, alhali kuwa kayansu na nan. Wannan umarni yana dawo da su fili, amma ba ya kashe cutar. Sai an bi da manhajar rigakafi.

convert F: /fs:ntfs yana mayar da FAT32 zuwa NTFS ba tare da shafe bayanai ba, amma babu umarnin da ke mayar da shi baya sai da fomatin.

powercfg /change disk-timeout-ac 20 yana sa faifai ya huta bayan minti 20 ba a taɓa shi ba.

9.6.2 Umarnin diskpart

Wannan shi ne mafi ƙarfi, kuma yana da ƙananan umarni a ƙarƙashinsa. A ɗauka wani malami a wata makaranta a Rijiyar Zaki yana da filash mai gigabayit 16 da ya ƙi karɓar rubutu. Ga matakan da zai bi:

diskpart
list disk
select disk 1
detail disk
attributes disk clear readonly

Layi na biyu yana jero ma'adanan da ke jone, kowace da lambarta da girmanta. Na uku yana zaɓen ɗaya, kuma daga nan duk abin da aka rubuta a kanta zai faɗa. Na huɗu yana nuna sunanta domin a tabbatar. Na biyar yana cire kariyar hana rubutu. Idan aka sa set a gurbin clear, an ɗora kariyar ke nan, sai dai tana aiki ne a kwamfutar da aka bayar da umarnin kawai, domin tana cikin rukunin (a) na sashe na 9.4.

Idan filash ɗin ya ci gaba da ƙi, akwai dalilai biyu da umarni ba ya maganinsu. Babban katin memori yana da ɗan makulli a gefensa, wanda sai da hannu ake tura shi. Haka kuma ƙwayoyin lantarki suna da iyakar yawan rubutun da suke ɗauka. Idan sun gaji, wasu ma'adanan sukan kulle kansu. A wannan hali abin yi shi ne a kwashe bayanan nan take.

Idan kuwa ana son sabunta ma'adanar gaba ɗaya, bayan an kwafe abin da ke ciki, sai a ci gaba da:

clean
create partition primary
format fs=exfat quick
assign letter=F

A nan ne haɗari yake. Umarnin clean ba ya tambayar ko an tabbata, kuma cikin daƙiƙoƙi yake shafe jadawalin rabo. Lambar 0 yawanci ta faifan cikin kwamfuta ce, amma lambobin sukan sauya idan an jona ma'adana fiye da ɗaya. Malamin da ya zaɓi lambar faifan ajiya na makaranta a maimakon ta filash, zai iya rasa sakamakon ɗalibai na shekaru. Girman da list disk ya nuna shi ne shaida: abin da ya nuna 465 ba filash mai gigabayit 16 ba ne.

Ya kamata a fahimci cewa clean da fomatin na gaggawa tamkar tuge shingen gona ne: iyaka ta ɓace, amma amfanin yana nan. Saboda haka idan kuskure ya auku, a daina rubuta komai a ma'adanar, a nemi manhajar ceto irin su TestDisk. Shi kuwa clean all yana rubuta sifili a ko'ina, haka ma cikakken fomatin tun daga Windows Vista. Bayansu babu ceto. Su ne suka dace idan za a bayar da tsohon faifai mai ɗauke da bayanan ɗalibai, musamman ganin cewa Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa masu riƙe bayanan mutane alhakin tsare su.

9.7 Umarnin Linux

A Linux ba a kiran ma'adana da harafi. Faifai na farko shi ne /dev/sda, na biyu /dev/sdb, kuma umarnin lsblk ne ke jero su. Fitaccen umarnin sauya saitin ƙwaƙwalwar faifai shi ne hdparm, wanda Mark Lord ya rubuta a shekarun 1990. Ga kaɗan daga amfaninsa:

hdparm -I /dev/sda yana nuna sunan faifai da lambarsa da abubuwan da yake iyawa. Ba ya sauya komai.

hdparm -S 120 /dev/sda yana sa faifai ya daina juyawa bayan minti 10. Daga 1 zuwa 240, kowace lamba daƙiƙa 5 ce, don haka 120 ta zama daƙiƙa 600.

hdparm -B 254 /dev/sda yana daidaita tsimin wuta. Lambobi 1 zuwa 127 suna barin faifai ya tsaya, 128 zuwa 254 ba sa bari, 255 kuma tana kashe tsarin.

hdparm -W0 /dev/sda yana kashe ajiyar wucin gadi, -W1 kuma yana kunna ta.

Da yake irin wannan saiti yakan ɓace idan an kashe wuta, a Debian da Ubuntu ana rubuta shi a fayil ɗin /etc/hdparm.conf domin a maimaita shi a kowane tashi. Haka kuma hdparm ba ya aiki da kowane faifan da aka jona ta USB, kuma faifan NVMe yana da nasa umarnin dabam.

Domin duba lafiyar faifai ana amfani da smartctl -a /dev/sda. Yana nuna zafinsa da yawan awannin da ya yi aiki da adadin wuraren da suka lalace aka musanya su. Idan wannan adadi na ƙaruwa, faifan ya kama hanyar mutuwa.

9.8 Saiti da Yanayin Makaranta

Abubuwa uku ne suka fi cutar da ma'adana a wannan yanki: ɗaukewar wuta, da zafin bazara wanda kan haura digiri 40 a watan Afrilu, da ƙurar hunturu. A cikinsu, ɗaukewar wuta ce ta fi shafar saiti.

Domin sauri, faifai yakan karɓi bayani ya riƙe shi a ajiyar wucin gadi, ya shaida wa kwamfuta cewa an adana, sa'an nan ya rubuta daga baya. Wannan ya yi kama da manomin da ya tara dammuna a bakin rumbu kafin ya ɗora su. Idan ruwa ya sauko a tsakani, abin da ke waje shi ke lalacewa. Idan wuta ta ɗauke, ko man janareto ya ƙare, abin da ke ajiyar wucin gadi ya tafi. Saboda haka kwamfutar tebur da ba ta da batirin ko-ta-kwana gara a kashe mata wannan ajiya, a haƙura da ɗan jinkiri. Kwamfutar tafi-da-gidanka mai lafiyayyen batiri ba ta buƙatar haka. A ɓangaren filash, tun daga fitowar 1809 ta Windows 10, kamfanin Microsoft ya mayar da saitin "saurin cirewa" ya zama na asali. Duk da haka, zare filash ana tsakiyar kwafi yana ɓata fayil.

Game da hutun faifai, a makarantar da ke amfani da hasken rana sa shi ya huta yana tsimin batiri kuma yana rage zafi. Amma yawan tsayawa da tashi yana gajiyar da faifai mai juyawa, don haka minti 10 zuwa 20 ya fi minti 1 ko 2 dacewa.

9.9 Ƙa'idojin Kiyayewa

1. A kwafe bayanai zuwa wata ma'adana kafin kowane sauyi, kuma a buɗe kwafin a tabbatar yana karantuwa.
2. A fara da umarnin dubawa, a rubuta saitin da aka tarar a littafi.
3. A zare duk ma'adanar da ba a aiki da ita.
4. A sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya.
5. Kada a soma fomatin ko chkdsk idan wuta ba ta da tabbas.
6. Kada a rubuta umarnin da ba a san ma'anar kowace kalma a cikinsa ba.

Wajen koyarwa, malami ya fara rubuta umarnin a allo, ɗalibai su fitar da aikatau da karɓau da bayanau, su fassara shi da Hausa, kafin a taɓa na'ura. Gwaji kuma a yi shi a kan tsohon filash da babu komai a ciki.

9.10 Kammalawa

An ga cewa umarnin ma'adana jumloli ne masu ƙa'ida, kuma sun kasu zuwa masu dubawa da masu sauyawa da masu shafewa. An kuma ga cewa saiti na zama a manhaja ko a jikin ma'adana ko a ƙwaƙwalwar faifai. Ana iya sake sayen faifai, amma muryar dattijon da aka naɗa ya kuma riga mu gidan gaskiya, ko sakamakon ɗalibin da ke neman shiga babbar makaranta, ba a samun su a kasuwa. Don haka kwafi kafin sauyi shi ne ginshiƙin wannan darasi.

9.11 Auna Fahimta

1. Mece ce ma'adana? Kawo ire-irenta tare da misalai.
2. Fayyace aikatau da karɓau da bayanau a cikin umarnin chkdsk E: /r.
3. Me ya sa faifai mai gigabayit 500 yake nuna 465?
4. Bambanta tsakanin clean da clean all.
5. Minti nawa faifai zai jira kafin ya huta idan aka rubuta hdparm -S 180?
6. Wane tsarin fayil ya dace da memorin da za a sa a ƙaramar rediyo? Kawo dalili.

9.12 Jinga

Tsara darasi na minti 40 ga ɗaliban aji biyu na ƙaramar sakandare a kan kula da filash. Ka ƙirƙiro kalmomin Hausa guda 10 na fannu da za ka yi amfani da su, ka kuma bayyana hanyar da ka bi wajen samar da kowace: aro ko fassara ko faɗaɗa ma'ana.